Randunan Baiwa a Barandar Wani

Da Baiwa ta koma Inugu bayan yaƙi, sai ta tarar wani ɗan kwangila ya saye gidan da ta shekara goma tana ginin tukwane a unguwar Ogui. Randunanta huɗu suna baranda, an huda gindinsu an shuka furanni.

Ta roƙi a ba ta kayanta.

"Tare da gidan na saya, Mama," in ji shi. "Amma ki ɗauki hotonsu in kina so."

Washegari ta zo da mai hoto. Da hoton ya fito, maigidan ne a tsakiya yana murmushi, ya dafa babbar randar. Baiwa ta cusa hoton a ƙasan akwati, ta kama sayar da goro a Kasuwar Artisan. Ba ta ƙara taɓa yumɓu ba.