Likkafanin Kawu Sulle

Motar ta faɗa wani rami da ruwan sama ya rufe, ta yi tsalle ta dire, sai injin ya ɗauke. Fitilun gefe suka shiga ƙyaftawa da kansu.

Halliru ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa.

"Yaya, azahar ta kusa," in ji ƙanwarsa Bara'atu. A cinyarta akwai likkafanin Kawu Sulle, wanda ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu. Halliru ne ya dage shi zai sayo a Karaye, ya ce ɗan abin da ya rage ya yi wa tsohon ke nan. Can garinsu Ruwan Bago an gama yi wa gawar wanka, su ake jira.

Ya fita ya buɗe gaban mota, ya taɓa wannan waya, ya ja waccan. "Mai a cike, batir sabo! Me kuma take so?" Ya kira bakanikensa Ashiru har sau biyar, ba a ɗauka ba.

Bara'atu ta ce, "Na ce mu bi bas, ka ce taka ta fi gudu. Ga shi sauri ya haifi nawa."

Da wani ɗan acaɓa ya ɓullo, Bara'atu ta tsayar da shi, ta rungume ƙunshin ta hau. Ba ta waiwayo ba.

Sai da aka yi kusan awa ɗaya Ashiru ya kira. Halliru ya faɗa masa abin da ya faru.

"Alhaji, akwai wata 'yar na'ura a tsakanin kujeru, abin da ke cikinta bai kai ƙwayar gero ba. Girgiza take ji. In ta ji bugu mai ƙarfi sai ta ɗauka hatsari ne, ta yanke mai don kada wuta ta kama."

"Wane hatsari? Rami ne fa!"

"Ita ba ta san rami ba. Kashe motar gaba ɗaya, ka kunna makulli ba tare da ka tayar ba, ka kashe. Yi sau biyu, sannan ka tayar."

Ya yi hakan. Motar ta tashi sumul, kamar ba ita ba.

A bakin gari ya ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta, biyu na ɗauke da makara ba kowa a ciki. Liman ya riƙe hannunsa, ya yi masa gaisuwa, ya daɗe bai saki ba.

"Mun jira iya jira, Halliru. Hatsari kuka yi ne?"

Halliru ya dubi motar. Ko ƙwarzane babu a jikinta.

"A'a, Malam," ya ce. "Lafiya ƙalau muke."