Silon Tsohuwa

A kan bonet ɗin Tsohuwa akwai wani zagayayyen tabo, daidai faɗin gindin kofin gilashi. Auta ta lura da shi da safiyar ranar da za a tada injin, tana goge ƙura. Ta sa tsumma ta murza, bai fita ba. Fentin ne kansa ya dushe a wurin.

Tsohuwa motar Baba ce. Ya saye ta tun kafin ya auri Mama, shi ya sa Mama kan ce ita ce babbar 'yar gidan, mai ci ba ta aiki, ga ɗaki nata ita kaɗai. Ta yi shekaru a gareji a kan bulo, lulluɓe da tsohon labulen falo. Da idon Baba ya yi rauni har likita ya hana shi tuƙi, kowa ya zaci maganar motar ta mutu. Ashe lokacin ne ma zai matsa a gyara ta. Ya ce shi ba zuwa ko'ina zai yi da ita ba. Silonta yake son ya ƙara ji, wato sautin injin idan an tada shi an bar shi yana juyawa a hankali, ba a taka totur ba. A zamaninta, in ji shi, idan ya ɗora kofin ruwa a kan bonet, ruwan ko motsi ba ya yi. Tabon nan na wannan kofin ne. Kuma babu baƙon da zai zo gidan ya tafi bai ji labarin yadda Auta, tana jaririya, ba ta barci sai an kwantar da ita a kujerar baya an kunna Tsohuwa ba.

Yaya ne ya ɗauki aikin. Ma'aikacin ofis ne, amma duk ƙarshen mako a garejin yake wuni, har matarsa ta gaji ta daina kira. Ya kwance injin kaf, ya jera kayan a kan kwali. Baba kuma yana kan kujerar roba a bakin ƙofa, yana ba da umarni a kan abin da ba ya gani. Abu ɗaya ne ya tsayar da su: kamshaf. Doguwar sandar ƙarfe ce mai tozaye a jere, su ke tura bawul ya buɗe ya rufe, inji ya sha mai ya fitar da hayaƙi. Na Tsohuwa tozo biyu sun cinye, sun yi sumul kamar ragowar sabulu, ga tsaga a gefe guda. Kamfanin kuwa ya daɗe da daina yin irinsa.

Sai aka ɗora wa Auta neman wani. Ta gama jami'a, tana gida tana jiran aiki, kuma Yaya ya ce tunda dai wuni take da waya a hannu, wayar ta yi rana. Kiran wanda ba ta sani ba yana yi mata wuya, amma ta yi. Wani ya turo mata hoton ƙarfen da ko kama da kamshaf bai yi ba. Wani ya ce ta ba mijinta wayar su yi magana. Daga ƙarshe wani dillalin tsofaffin ƙarafa ya ce ta zo ta duba. A can ƙarshen filinsa, bayan tulin ƙofofin mota, akwai gawar irin Tsohuwa, kyanwa ta haihu a kujerar direba. Aka zaro kamshaf ɗin. Babu tsaga, sai dai tsatsa ta ɗan ci fuskar tozayen. Dillalin ya ce ta riƙe shi da kyau, don shi dai a iya yawonsa bai san inda wani ya rage ba.

Ranar da ta kawo shi gida, Baba ya sa aka ɗora masa shi a cinya, ya yi ta shafawa, tsatsa ta ɓata masa farar riga, Mama na faɗa yana dariya. Ya ce a kai wa mai washi ya ɗebe tsatsar, ya mayar da tozayen yadda kamfani ya yi su. Kada a ƙara, kada a rage.

Yaya ya tare Auta a kicin tana wanke kofuna. Ya jingina da firij, ya rage murya. Ya ce tunda za a yi washi, ai wannan ce damar da za a ba motar ƙarfi. Akwai yankan da ke sa bawul ya fi buɗewa, ya fi daɗewa a buɗe, mota ta tashi kamar an tsikare ta. Tsohuwa yadda take a da, ko motar ɗaukar burodi sai ta wuce ta.

"Baba ya ce kada a ƙara," in ji Auta.

"Baba ne zai tuƙa ta?"

Ta ci gaba da wanke kofunan.

"Wa ya ƙare ƙarshen makonsa a ƙarƙashinta? Dubi farcena. Ke dai ki faɗa wa mutumin na gudu ake so. Ɗan bambanci ne, kunnen tsoho ba zai kama ba."

Ta so ta ce kunnen Baba ne kaɗai abin da bai tsufa ba a jikinsa. Amma ta dubi farcen, baƙi ƙirin, ɗaya ya fashe har tsoka. Yaya ne ya yi ta kai ta jami'a da kaya, shi ne ke kai Baba asibitin ido. Ba ta ce to ba, ba ta kuma ce a'a ba. Shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin to, kamar yadda kowa a gidan ya saba yi mata.

Shagon mai washi yana cikin wani lungu, tsakanin mai walda da mai ɗinkin kujerun mota. Ciki da duhu, da warin ƙarfe jiƙaƙƙe. Injin washin ya cinye rabin ɗakin, wani ruwa fari kamar madara yana zuba a kan dutsen da ke juyawa. A bango an kafa ƙusoshi, kowace da faifan ƙarfe rataye, mai siffar ƙwai. Mai washin, wani dattijo mai ƙiba da fensir a bayan kunne, ya ɗora kamshaf ɗin a kan wasu ƙarafa biyu, ya juya shi a hankali yana duban allurar ma'auni. Ya ce miƙaƙƙe ne, kuma akwai sauran kaurin ƙarfe da dutsen zai ci. Ya nuna mata faya-fayan. Injin kwaikwayo yake yi, in ji shi, duk faifan da aka ɗaura masa, siffarsa zai yanka a tozon. Ya sauko da uku ya ajiye a kan benci: na kamfani, na gudu, da wani a tsakaninsu.

"Wanne, 'yata? Ki yi tunani da kyau. Ni cirewa na iya, ban iya mayarwa ba."

Auta ta dubi faya-fayan. A ido kusan ɗaya suke. Na gudun ya ɗan fi kumatu, shi ke nan. Ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko na tsakiyar yana taɓa silo.

"Yana taɓawa mana. Zai yi ɗingishi. Ba kamar na gudu ba, wancan har haƙoranki sai sun kaɗa, amma zai yi. Samari ma ɗingishin suke so, wai a ji su tun daga kan kwana." Ya dube ta ta saman tabarau. "Motar ta saurayi ce ko ta tsoho?"

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta san Yaya ne. Ba ta ɗauka ba, amma ta ji ta har ta katse. Ta gaya wa kanta cewa na tsakiya ai rabin kowa ne, Yaya ya samu nasa, Baba ya samu nasa. Tun kafin ta gama tunanin ta san ba haka ba ne. Ta miƙa yatsa ta taɓa na tsakiyar.

Mai washi ya ɗaga kafaɗa, ya mayar da sauran biyun kan ƙusoshinsu. Tana tsaye aka ɗaura faifan, dutsen ya sauka a kan tozon farko da wata siririyar ƙara, farin ruwan ya koma toka-toka. Har a lokacin tana iya cewa a tsaya. Ta buɗe baki, sai mutumin ya ce ta matsa baya kada ruwan ya fallatsar mata a mayafi. Ta matsa.

Da aka karɓo kamshaf ɗin yana ƙyalli, naɗe a takarda mai maiƙo, tare da sababbin tafet, ƙananan ƙarafan da ke zama a kan tozayen. Yaya ya ɗan yi tsaki da ya ji na tsakiya ta zaɓa, ya ce ita dai komai nata rabi-rabi. Sannan, kafin ya kai wa Baba, ya lafta wa tozayen man haɗi mai kauri, ya fi yadda ake bukata. Auta ta ga hakan, ta kuma gane dalili: kada yatsan Baba ya ji bambancin. Baba ya bi sandar da babban yatsa, yatsan yana sulɓewa a cikin man. Ya ce aiki ya yi kyau. Ya ce wa Mama ta zo ta ga abin da autarta ta yi, yarinyar da ko gaisuwa sai an ja ta, ga shi ta zaga gari ta samo abin da maza suka kasa. Ya laluba ya kama hannun Auta, ya bar mata maiƙo a wuyan hannu. Ta je ta wanke, ta daɗe a bakin famfo.

Daga nan ta yi ta neman ranar da za ta faɗa masa. Takan kai masa shayi ta zauna, ta shirya maganar tun daga ƙofa. Shi kuma sai ya fara labarin silo, yadda yake jinsa a tafin ƙafa, yadda ya taɓa yin gyangyaɗi a ciki yana jiran Mama a bakin asibiti. Sai ta ɗauki kofi ta fita. Rannan har ta ce, "Baba," ya ce, "Na'am, Autata," ta ce ko a ƙara masa sukari.

Ranar tada inji, Yaya ya yi wa kowa bayani a bakin gareji. Sabon washi ba a barin sa a silo da farko. Da zarar inji ya kama, sai a riƙe totur sama na ɗan lokaci mai tsawo, mai ya riƙa watsuwa a kan tozayen har su saba da tafet. Idan aka bar shi ya sauka da wuri, tozon zai cinye, aikin ya tashi a banza. Baba ya ce ya san wannan tun Yaya yana tsumma. Ya sa an fito masa da kujerarsa kusa da tayar gaba, ya aiki Mama ta kawo masa ruwa a kofin gilashi. Mama ta kawo tana cewa yau dai babbar 'ya za ta yi magana, Allah Ya sa ta gaishe su.

Auta aka sa a kujerar direba, don Yaya yana son ya tsaya a kan injin ya duba yoyo. Ya nuna mata inda allurar gudun inji za ta tsaya, ya ce ko me ya faru kada ta ɗaga ƙafa sai ya ce. Ta murɗa makulli. Tsohuwa ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sannan ta kama. Hayaƙi ya cika garejin. Auta ta taka har allurar ta kai wurin, ta riƙe.

A wannan gudun babu mai iya gane komai. Ƙara ce kawai miƙaƙƙiya. Ta cikin gilashi tana ganin Baba, kofin a hannunsa bisa gwiwa, kansa a karkace, yana murmushi. Ya ɗaga murya ya ce wa Mama wani abu, Mama ta yi dariya ta kai masa dukan wasa a kafaɗa. Ƙafar Auta ta fara gajiya a kan totur. Ta danne gwiwar da hannu. Zafi ya taso daga ƙasan motar, gumi ya bi bayanta, amma da za a bar ta da ta wuni a haka.

Yaya ya leƙa ƙasa, ya taɓa tiyo, ya duba agogo. Sannan ya sauke bonet a hankali, ya ɗaga mata hannu.

"Sake shi, Auta."

Ba ta saki ba.

"Ke, na ce ki ɗaga ƙafa. Ya isa."

Baba ya riga ya miƙe. Ya dafa motar, ya bi bonet da tafin hannu har yatsunsa suka sami wurin da fenti ya dushe. Ya ɗora kofin daidai kan tabon, bai sake shi ba, ya juyo da fuskarsa wajen gilashi, inda ya san tana zaune.

Ta ɗaga ƙafa.

Ƙarar ta sauko, ta sauko, sannan ta fara tsalle. Bugu biyu, ɗan shiru, bugu uku, kamar mai tafiya da takalmi ɗaya. Sitiyari ya kama rawa a hannunta. Ruwan kofin ya yi ta kaɗawa har ya fantsalo a kan yatsun Baba.

Yaya ya yi saurin cewa kafireto ne, bai gama saiti ba, yanzu zai daidaita shi. Ya ɗauko sukundireba, amma bai buɗe bonet ɗin ba, don hannun Baba yana kai. Mama ta dubi Yaya, ta dubi Auta, dariyar ta bar fuskarta.

Baba ya tsaya yana saurare. Ya daɗe. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, ya dai tsaya a inda yake kamar an manta da shi. Auta ta sa hannu a kan makulli, ta rasa ko ta kashe ko ta bari.

Sai ya ɗauke kofin. Ya sa gefen hannun rigarsa ya goge ruwan da ya zuba a kan tabon, a hankali, har ya bushe. Ya zagayo yana dafa motar zuwa tagar direba, ya miƙo kofin ciki. Ta karɓa da hannu biyu. Ya laluba ya ɗauki sandarsa a jikin kujerar roba, ya bi bango ya shige gida.