Muguwar Maƙwabciya ta Mako Guda

Abin ya fara ne a watan Rajab na bara, lokacin da Murjanatu ta maƙale a babi na bakwai na littafinta. Da rana tana aiki a wani ofishin jigilar kaya a Jebel Ali, can ƙasar Larabawa, da yamma kuma tana rubuta labarin Musulmin Andalus bayan mulki ya koma hannun sarakunan Kirista, aka hana su salla da Larabci, aka tilasta musu barin ƙofofi a buɗe ranar Juma'a don kada su yi ibada a ɓoye. Babin na tsoro ne, ita kuwa ba ta taɓa yin salla cikin tsoro ba.

Sai ta roƙi Rosaline, Kirista 'yar Kafanchan da suke zaune gida ɗaya a unguwar Abu Hail, ta zame mata muguwar maƙwabciya na mako guda.

"Zan riƙa ɓoye sallata. In kin kama ni, ki ce za ki kai ƙara."

"Wajen wa? Mai gidan ma alhaji ne."

"Ki dai tsorata ni, 'yar'uwa."

Ranar farko Murjanatu ta tura sallayarta ƙarƙashin katifa. Da ta dawo aiki ta tarar Rosaline ta wanke ta, ta shanya a baranda. Washegari ta laɓe bayan firji ta tayar da la'asar. Rosaline ta leƙo da ludayi a hannu, ta tsaya cikin ladabi har aka sallame.

"Na kama ki! Kuma kin karkace, alƙibla ba wajen kwandon shara take ba. Yalla, maza sake."

Ranar Juma'a Murjanatu ta wangale ƙofa bisa tsohuwar dokar. Rosaline ta rufe, wai sanyin ɗaki yana fita.

"Haba Rosaline! Mugunta ce ba ki iya ba?"

"Malama, gidanmu na Kafanchan jingine yake da masallaci, kakata ma Musulma ce. Ko da gaske ake yi, ruwan alwalarki kaɗai ya isa ya tona ki. Ji zan yi, in ci gaba da suyata."

Nan Murjanatu ta farga. Duk karatun da ta yi a kan waɗanda suka kai ƙara ne. Waɗanda suka ji suka kau da kai, babu wanda ya rubuta sunansu.

Ta yanke cewa babi na bakwai zai zama na maƙwabciyar da ta sani ta yi shiru.