Gato a Tukunyar Yashi

Duk amaryar da gararta ta yi suna a unguwar Yelwa ta Garwa, in ka bincika, hannun Hajiya Aisatu ne a ciki. Alkaki, nakiya, dubulan, cincin, ita ce uwarsu, har daga Marwa ake aiko mata da aiki. Mijinta Malam Dawuda, mai sayar da turare da huluna a babbar kasuwa, ya tsufa yana cin wannan daɗi, amma ko inda ake rataye ludayi a gidansa bai sani ba, kuma bai taɓa ganin dalilin da zai sa ya sani ba.

Sai ido ya fara yi mata gardama. Gefe-gefe ne ya fara dushewa, sannan duhun ya yi ta matsowa tsakiya, har ya zamana haske da inuwa kawai take bambancewa. Likita ya ce ba yana ba ce balle a cire, jijiyar ce ta gaji. Ta ci gaba da aikinta da ƙarfin hali, har ranar da ta jefa dubulan a bakin kasko maimakon tsakiya, tafasasshen mai ya fallatso mata a ƙafa. Ƙunar ba ta daɗe ba ta warke. Abin da ya ƙi warkewa shi ne maganar matar da ta ba da aikin, wadda ta zo karɓa ta ce, wai don ta kwantar mata da hankali, ai ba komai Hajiya, bana dai bai kai na da ba. Daga ranar Hajiya Aisatu ta shiga ɗaki ta kwanta, ta juya wa ƙofa baya.

Abinci sai dai a kawo daga gidan ɗansu Abdussalam, wanda ya karɓi shago, ta ɗan taɓa ta ture. Autarsu Fa'iza, da ke aure a unguwar Domayo ta Marwa, kullum tana kan waya tana lallashi, ita kuwa amsa ɗaya ce, lafiya lau. Malam Dawuda ya shiga damuwa ƙwarai, domin ya taɓa ganin irin wannan kwanciya. Haka mahaifiyarsa ta yi bayan rasuwar mahaifinsa: ba ciwon da za a nuna, ta dai kwanta, kuma ba ta sake tashi ba. Tsoron da ke cin sa ke nan, amma ba shi da wanda zai gaya wa.

Abu ɗaya ne ya ga ta cinye tas a 'yan makonnin nan, wani yanki na gato, wato kek, da maƙwabciyarsu Rosalie ta aiko. Rosalie mutuniyar duwatsun Mokolo ce, tana sayar da wake da barkono a kasuwa, kuma tun zuwanta unguwar, ba Kirsimetin da ba ta aiko da gato ba, ba Sallar da ba a kai mata nama da dubulan ba. Malam Dawuda ya aje kunya ya je ya roƙe ta ta ƙara yi. Ashe ta riga ta ɗaure kayan tafiya, 'yarta Gisèle na gab da haihuwa a Meiganga. Ta shiga ɗaki ta fito da wani littafin girki na Faransanci wanda bangonsa ya sha mai, ta ɗora masa a hannu.

"Malam, ba ka yi lekol ba, makarantar boko? To ga shi, komai na ciki."

Ya ce ai ba su da fur, wato murhun zamani da ake gasa shi a ciki. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta nuna masa wata tsohuwar tukunya mai yashin kogin Binuwai a gindinta, ta ce fur ɗinta ke nan tun tana amarya: a ɗora a kan gawayi, a sa gwangwanin ƙullu a kan yashi, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi. Haka dattijo ya shigo gidansa rungume da tukunyar yashi, littafi a hammata, yana waige kada wani ya gan shi.

Wanda ya rubuta littafin nan dai bai taɓa zuwa Garwa da bazara ba. Ya ce a fito da bota, man shanun kanti, a aje a waje har ta yi laushi. Malam Dawuda, mutum mai bin doka, ya aje ta a tsakar gida ya tafi sallar azahar, ya dawo ya tarar da mai yana tafiya a ƙasa, tururuwa suna biki. Wata rana littafin ya ce a buga farin ƙwai har sai an kifa kwano a kan kai bai zubo ba. Ya buga har kafaɗarsa ta sage, ya kifa, kuma ranar sai da ya sake wanka ya canza hula. Gato na farko ya fito baƙi ƙirin a ƙasa, ɗanye a ciki. Na biyu ya tashi da kyau, yana buɗe murfi ya zube ya kwanta. Na uku kuwa ya yi taurin da ko akuyar gidan sai da ta yi shawara.

Magana ba ta ɓuya a Yelwa. A bakin masallaci aka ga fulawa a gemunsa, abokan hira suka yi caa, wannan ya ce a ba shi zane, wancan ya ce yaushe za a fara kai talla. Shi dai ya yi murmushi ya karkaɗe gemu. Tsokanar ba ta dame shi ba kamar hoton da ke cikin littafin. Kowane shafi akwai gato dogo, ja-ja-wur, sumul, an jera masa wasu 'ya'yan itace da bai taɓa gani ba. In ya sauke nasa sai ya aje littafin a gefe ya duba nan ya duba can, ya ga ba haɗi. Ko sau ɗaya bai kai wa Hajiya Aisatu ba, domin a ganinsa macen da ta ciyar da rabin Garwa ba za a miƙa mata wannan abin kunya ba.

Abin da ya manta shi ne, madafa da ɗakinta bango ɗaya ne tsakani, kuma hancinta da kunnenta lafiyarsu ƙalau. Wata safiya yana tsugune yana fifita gawayi, hayaƙi ya turnuƙe shi, sai ya ji murya daga ɗaki, a shaƙe kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Malam, wutar nan ta yi yawa."

Ya tsaya cak da mafici a hannu. Rabonta da ta fara yi masa magana da kanta, ba amsa tambaya ba, har ya manta. Ya rage gawayi a hankali, kada ya kore ta. Washegari ta tambaye shi me ƙwai ya yi masa yake dukansa haka. Wata ranar ta ce ludayin da yake nema yana rataye bayan ƙofa, inda yake tun kafin a haifi Abdussalam. Duk daga kwance take magana, fuska na kallon bango, amma shi daɗi ya cika shi, har ya riƙa yin ɓarna da ƙarfi don ta ji.

Daga nan ya ɗauki wata dabara. In zai fara aiki sai ya jawo kujera kusa da tagarta, ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa yana karantawa da ƙarfi, yana juya Faransancin zuwa Hausa wai don kansa. A haka ya faɗa kan wani shafi da ya sha wucewa saboda hotonsa ba ado. Gaton yawut ne, wato kindirmon kanti, wanda a ƙasar masu littafin yara ake koya wa. Ba sikeli, ba bota, ba bugun farin ƙwai. Kofi ɗaya ne ma'auni: yawut kofi ɗaya, sukari biyu, fulawa uku, man gyaɗa rabi, ƙwai uku, sai ƙunshin levir, hodar da ke sa shi tashi. Ya karanta ya maimaita, sannan ya ce, kamar mai magana da littafin, ai wannan ko ido a rufe mutum ya auna.

Yana faɗa ya ji nauyin abin da ya faɗa. Can ta ce kindirmon da Bafulatana ke kawowa ya fi kowane yawut, amma shi ya yi abinsa, kada ya sa ta a ciki. Ta ce ita da ta kasa abin da ta sani tun tana yarinya, ina ita ina abin Nasara.

Malam Dawuda ba gwanin magana ba ne, cinikin turare ma hanci ke yi masa rabin aiki. Amma ranar ya tashi ya tsaya a bakin ƙofarta ya ce, "Hajiya, wannan ba ki taɓa yi ba, ni ma ban iya ba. Duk yadda ya fito, ba mai cewa bai kai na da ba. Kuma ba ruwanki da wuta, ni ne mai wuta."

Ya tsaya har ya gaji, ya tabbata ya fama mata ciwo, ya koma madafa jiki a mace yana zagin bakinsa. Ya hura gawayi ya ɗora tukunyar yashi. Ya jera kwano da kofi da ƙwaryar kindirmo a kan tabarma, ya zauna yana kallonsu, sha'awar aikin duk ta fita daga ransa. Sai ya ji ƙarar takalmi ana ja a hankali.

Tana tafe tana bin bango da tafin hannu, ɗankwali a karkace, ta rame har zane na neman zagaye ta sau biyu. Rana ta doke ta a fuska ta runtse ido. Ya yunƙura zai kama ta, sai wani abu ya ce masa ya zauna, ya zauna. Ta lalubi bakin ƙofar madafa, ƙafarta ta sami 'yar kujerarta a inda ta bar ta, ta zauna, ta miƙa hannu ta ce a ba ta kofin.

Yana karantawa tana aunawa. Ta cika kofi da fulawa ta share bakinsa da yatsa. Ta fasa ƙwai da hannu ɗaya, ko ɓawo bai faɗa ba. Da ya ce littafi ya ce a juya sosai, ta ɗaga muciya ta saurari yadda ƙullun ke zuba, ta ce ya isa haka. Ta sa ya kankaro mata bayan lemon tsami daga bishiyar tsakar gida, abin da ba ya cikin shafin, ya buɗe baki zai yi gardama ya fasa. Ta shafe gwangwani da mai, ta juye, shi kuma ya ɗauka ya ɗora a kan yashi ya rufe, ya jera garwashi a murfi. Ta sa ya kwashe rabin garwashin. Suka zauna jira, ita tana goge hannu a zane, shi yana satar kallonta, ƙirjinsa cike da abin da bai san sunansa ba, murna ce ko tsoro.

Agogo bai kai inda littafi ya ce ba ta ɗaga hanci ta ce a sauke. Ya ture garwashi, ya ɗaga murfi, ƙamshi ya cika gidan. Ya juye gaton a faranti, ya jawo littafin ya duba. Na hoto sumul ne, zagaye daidai. Nasu ya tsage a sama, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ga wani baƙi-baƙi a inda garwashi ya yi yawa. Ya yi ajiyar zuciya, har ta ji.

"Mene ne?"

"Ya tashi dai," in ji shi. "Amma bai yi kama da hoton ba."

Ta jawo farantin gabanta. Ta bi gefensa da yatsu, ta bi tsagar, ta danna tsakiya ta ji ya dawo. Ta gutsuro da zafinsa, ta hura, ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa. Sannan ta ƙara gutsurowa, babba, ta miƙa wajen da take jin numfashinsa.

"Ni ban ga hoton ba, Malam. Ci ka ji."

Ya ci. Laushi, ga ɗan tsamin kindirmo, ga ƙamshin lemo yana biyo baya. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne, ko da yake gawayin ya daɗe da daina hayaƙi, ita kuwa ta bar shi da ƙaryarsa. Ta cinye nata ta suɗe yatsa, ta ce gobe a rage sukari, kuma ya nemo mata shafin da ke da ayaba ko gyaɗa.

Ta sa ya yanka sauran gida biyu, rabi na gidan Abdussalam, rabi na Rosalie. Ya ce ai Rosalie tana Meiganga. Ta ce ta dawo tun jiya da la'asar, ta ji muryarta ta katanga tana ba da labarin jika, namiji ne, shi dai yana can yana faɗa da ƙwai bai ji ba. Ya ce to bari ya sa hula ya kai mata, ya yi mata barka, ya kuma gaya mata tukunyarta sai wani lokaci.

Hajiya Aisatu ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ce ya ɗauko mata mayafinta a kan akwati.

"Barkar jika ba a aike," ta ce. "Kai ka riƙe faranti, ni in riƙe ka."