Tasha Ba Ta Da Baya

Ku yi mini afuwa tun kafin mu yi nisa. Ban taɓa rubuta labari ba. Karanta na mutane kawai na iya, shi ma a ɓoye, a bayan tankin ruwa ko a barandar maƙwabta. Idan kun ga wata jimla ta karkace, hannuna ne, haka yake yi idan ya san za a duba. Amma abin da zan faɗa na gan shi da idona, a kan wannan ba na shakka.

Burushin ya suɓuce daga hannun Mzee Mghanga, dattijon maƙwabcinmu, ya faɗi a kan siminti, ya bar baƙin ɗigo kusa da ƙafata. Ina zaune a barandarsu da littafi a cinya, kamar kullum bayan makaranta, domin a ɗakinmu ƙannena ba sa barin mutum ya gama shafi. Bango ɗaya ne ya raba gidanmu da nasu, a layin gidajen Reluwe na garin Voi.

"Malemba, miƙo mini."

Na miƙa masa. Ya riƙe, ya kai shi kusa da allon, ya sake suɓucewa.

Matarsa, wadda ake kira Mama Mwakio da sunan ɗansu, ta leƙo daga kicin da muciya a hannu.

"Na ce ka bari sai ka ci abinci. Mutum ya zauna da rana tsaka yana fentin kabarinsa, maƙwabta suna kallo."

"Ba kabari ba ne. Allon tasha ne."

"Tashar wa?"

"Tawa, ta ƙarshe. Wanda ya sauka a nan ba ya canza jirgi."

"To ka ci ugali kafin jirgin ya iso," in ji ta, ta koma ciki wajen tuwon masarar da take tuƙawa.

Mzee mai fenti ne a tsohuwar Reluwe, tun lokacin da ƙasashe uku ke da ita tare. Shi da abokan aikinsa ne suke shafa wa kawunan jirage jan nan mai duhu da yake kira jan hanta, taragun fasinja kuma rabi jan hanta, rabi ruwan madara. Amma abin da ya fi alfahari da shi allunan tasha ne. Ya ce akwai lokacin da, daga nan har Taveta, duk sunan garin da fasinja ya karanta ta taga, hannunsa ne. Reluwe ɗin ta watse tun kafin a haifi mahaifiyata, ciyawa ta cinye layin Taveta, sabon jirgi yana wucewa ta kan doguwar gada can bayan gari. Shi dai Mzee bai taɓa cewa "tsohuwar Reluwe" ba. Reluwe kawai yake cewa.

Tun da likita ya sallamo shi ba tare da ya ba shi ranar komawa ba, ya sa aka yanko masa katako mai faɗi. Ya shafe shi ruwan madara, ya zagaye bakinsa da jan hanta, ya rubuta MGHANGA da baƙaƙen haruffa masu kauri, babu lanƙwasa ta ado ko ɗaya. A ƙasa, inda kowace tasha take faɗin tsayin garinta daga teku, ya rubuta kalmomin da ƙananan haruffa, amma ya bar gurbin lambar babu komai.

Na taɓa tambayarsa ko ya manta ne.

"Ban manta ba. Ban san tsayin inda za ni ba, yaya zan rubuta?"

Daga kicin Mama ta ce, "Rubuta ƙasa da teku. Na san halinka."

Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Gefe ɗaya ya kammalu ke nan. Ranar da burushi ya faɗi, yana kan ɗaya gefen ne. Ya zana duk sunan da alli, ya cike MGHA da baƙin fenti, saura NGA.

"Mzee, ai gefe ɗaya ya isa," na ce. "Wa zai duba bayan allo?"

Ya dube ni ta saman tabarau kamar na zagi wani.

"Ke da karatunki. Jirgi daga Mombasa kawai yake zuwa? Wanda ya taso daga Nairobi fa, shi ba shi da ido? Tasha ba ta da baya, yarinya. Mai zuwa ya karanta, mai tafiya ya karanta."

Daga ranar bai sake iya riƙe burushi ba.

Ɗansu Mwakio ya iso daga Mombasa a ƙarshen makon, da ledar lemu da magunguna. Yana sanye da wata riga irin wadda ake yayi yanzu, mai tambarin Reluwe a ƙirji. Na tabbata don ya faranta wa mahaifinsa ya sa ta. Mzee yana kwance, ya kama bakin rigar ya jawo ta kusa da idonsa.

"Wannan jan na tumatur ne."

"Baba, duk Nairobi haka ake sayar da ita. Har a kan kofuna da jakunkuna."

"To duk Nairobi makafi ne."

"Makafin nan su ne suke tuna da ku. Da ba don su ba, wa zai san an taɓa yin tambarin?"

Mzee ya shafa tambarin da babban yatsa. "Haruffan ba laifi," ya ce a ƙarshe. A wurinsa wannan babban yabo ne, Mwakio ma ya sani, don sai da ya juya ya fyace hanci.

Amma da ya fito baranda ya ga allon, sai ya ciro waya ya nuna wa mahaifiyarsa hoton wani baƙin dutse mai sheƙi, da rubutun ruwan zinare da gurbin hoto.

"Irin wannan ake sa wa mutane yanzu, Mama. Ruwan sama ba ya cin sa."

"Je ka nuna masa."

"Ba yanzu ba."

"To ni ma ba yanzu ba."

Washegari Mzee ya aika a kira ni. Ban saba shiga ɗakinsu ba, na tsaya a bakin ƙofa ina murza gefen siket. Ɗakin yana warin man zafi da kananzir ɗin wanke burushi. A kan kabad akwai butar shayi fara mai tambarin Reluwe, wadda ba a taɓa dafa komai a cikinta ba. Ya nuna mini wata siririyar sanda a jingine da gado, an ɗaure mata ƙullin tsumma a kai. Ita yake dafawa a kan allo, ya ɗora wuyan hannunsa a kanta idan yana rubutu.

"Ɗauki. Ke za ki ƙarasa."

"Ni? Mzee, ko a aji aka ce in je allo, hannuna rawa yake yi."

"Nawa ma ya yi rawa ranar farko. Don masu rawar hannu aka yi sandar. Kin zauna kina kallona tun kina da giɓi a baki, kina tsammani ban ga idonki yana barin littafi ba?"

"Zan ɓata."

"Za ki ɓata idan kina kallon baƙin. Kalli farin da ke tsakani, shi ne harafin. Ki ja numfashi kafin ki ɗora, ki riƙa sakinsa a hankali har layin ya ƙare. N ba ta da wahala. G ce mai tona asirin mutum, ki yi mata ladabi."

Na ce masa zan yi tunani. Ya ce, "Yi tunani, amma jirgi ba ya jiran mai tunani." Na fita da sandar, na ɓoye ta a bayan tankin ruwa.

Ya rasu ranar Talata da hantsi, ina makaranta. Da na dawo na tarar da takalma sun cika baranda, mata suna waƙar coci a hankali. Mama Mwakio tana zaune a tabarma tana ba kowa labari iri ɗaya.

"Ina ba shi kunu, ya ture cokali, ya ce, 'Ki rufe gwangwanin nan da kyau, fenti zai bushe.' Shi ke nan. Duk zaman da na yi da mutumin nan, na haifa masa 'ya'ya, maganarsa ta ƙarshe a kan gwangwani." Sai ta yi dariya, sai ta share ido da zani. "Na kuwa rufe."

An tsayar da Asabar za a kai shi gida, can kan duwatsu, a binne shi a gonar mahaifinsa. Ranar Juma'a da rana ina wanke kofuna a bayan gida, na ji Mwakio da mahaifiyarsa ta taga.

"Ba ƙin allon nake yi ba, Mama. Amma dubi bayansa. MGHA. Mutane za su ce mun kasa ko gama wa mahaifinmu suna. Bari in shafe bayan da fenti, a kafa shi haka."

"Ya ce tasha ba ta da baya."

"To in kai shago a manna masa haruffan inji."

"A kan rubutun hannunsa? Ka jira in mutu tukuna."

"To sai dai a bar shi a nan, dutse ya zo daga baya. Mota za ta tashi da safe, ba zan ɗora rabin suna a kan akwatin Baba ba."

Can sai ga ta ta fito bayan gida, tana jan allon da ƙyar. Ta jingina shi da tankin ruwa, ta koma, ta dawo da gwangwani da burushi ta ajiye. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

"Allon nan ya tare mini hanya a baranda," ta ce da tankin. "Yanzu za a fara taron dangi, ga shayi ga fanken mandazi. Babu mai leƙowa nan sai sun ga ƙarshen faranti."

Ta tafi.

Na daɗe a tsugune ina kallon zanen allin. Ya ɗan goge, amma yana nan. Na buɗe gwangwanin da cokali. Fentin bai bushe ba, ko fata bai yi ba. Na ɗauko sandar, na dafa ƙullin tsumman a bakin allo, na ɗora wuyan hannuna. Yana rawa. Na ja numfashi, na sa burushi, sai na ga rawar ta tsaya a kan sandar, ba ta sauka kan katako ba.

N ta tafi lafiya. A kan G na tsaya har sai da na ji an fara addu'ar rufe taro. Na daina kallon baƙin, na kalli farin da ke cikinta, wani ɗan ɗaki mai ƙofa a buɗe, na zagaye shi da numfashi ɗaya. A kan A ta ƙarshe kuwa na yi sauri, don na ji motsin kujeru. Ƙafarta ta dama ta ɗan fita daga alli.

Da safe ana loda mota, Mwakio ya zo ya ɗauke allon don ya mayar da shi cikin ɗaki. Ya juya shi, ya tsaya. Ya taɓa gindin A ɗin da babban yatsa, ya ɗago yatsan baƙi ƙirin. Ya dubi mahaifiyarsa.

"Me kake kallo?" in ji ta. "Ɗauka a hankali, kada ka goge wa mahaifinka suna."

Shi da kansa ya riƙe shi a bayan mota har kan dutse, a tsaye tsakanin gwiwoyinsa, don kada ya taɓa komai.

Bayan an rufe ƙasa aka kafa allon a kan ƙafafu biyu. Wasu tsofaffi biyu da suka yi aiki da Mzee suka matso da sandunansu, suka karanta gaba, sannan suka zagaya baya ba tare da wani ya ce su zagaya ba.

"Dubi G ɗin nan," in ji dogon. "Ko a duhu na gan ta na san ta Mghanga ce."

"A ɗin ta ɗan buɗe ƙafa."

"Kai ma idan ka kai shekarunsa za ka buɗe ƙafa."

Fasto ya sunkuya yana duba ƙananan haruffan. "Mama, an bar gurbi a nan. Ba a sa lambar ba."

"Ya ce idan ya isa zai auna," in ji ta.

Mutane suka yi 'yar dariya irin ta wurin binnewa. Mwakio bai yi ba. Yana kallon baƙin da ya maƙale a yatsansa, sai kuma ya fara bin hannayen mutane da ido, ɗaya bayan ɗaya. Nawa suna cikin aljihun rigar sanyi tun daga Voi, domin kananzir bai fitar da abin da ya shiga ƙarƙashin farcena ba.

Na ja da baya a hankali, na bi ta bayan matan da ke raba shayi, na kama 'yar hanyar da ta gangara cikin ayaba. Sai da na yi nisa na waiwaya. Gefen da ke fuskantar gangare shi ne nawa. Daga nan ƙasa ba a ganin mutane, sai allon kawai a tsakanin ganye, ruwan madara da jan hanta, kuma sunan yana karantuwa har ƙarshe.