Awon da Ke Ƙarƙashin Fenti

Rahila ta ɗiga tina, ruwan cire fenti, a kusurwar ɗan gidan robar, kamar yadda mai fenti ya ce ta yi. Kafin ta ajiye kwalbar, bangon ya yi laushi, ya lanƙwashe kamar kyandir. Ta tsaya tana kallo. Ba ta ji komai ba.

Mijinta Yohanna ne ya haɗa shi. Aikinsa ke nan a wani ofishin masu zanen gine-gine a Abuja: ƙera ƙananan gidaje na roba don masu gini su ga yadda nasu zai kasance. Wannan kuwa nasu ne, wanda za su gina a filinsu na Garam. A jikin kowane bango ya karce awonsa da allura, daga baya ya bi shi da ragowar koren fentin ƙofa. Ya rasu a watan Janairu. Takardun zanen kuma gara ta cinye su a akwati.

Jiya Isiyaku birkila ya juya ɗan gidan a hannunsa ya ce, "Malama, in ba awo, sai in yi miki irin na kowa. Ranar Litinin zan ja igiyar harsashin gini, kafin ruwa ya sauka."

Yanzu ta sa ɗan gidan a kwali, ta nufi bakin tasha wurin Akinola bakanike, abokin marigayin.

Ya duba wurin da ya narke. "Maman Joy, wa ya ba ki tina? Mai fenti ƙarfe ya sani da katako. Oga Yohanna man birki yake saye a wurina don cire fenti a jikin roba, shi da ko keke ba shi da shi." Ya cika mata gwangwani. "Ki jiƙa shi, ki ƙyale shi. Kada ki kankare da wuƙa. Buroshi mai laushi."

Ta jiƙa shi a tsohuwar roba tun hantsi. Ta yi shara, ta duba littattafan ɗalibanta, ta dafa abincin da ba ta ci ba. Da la'asar fentin ya tattare kamar fatar tsohuwa.

Buroshi mai laushi ɗaya ne a gidan, na goge haƙorin Yohanna. Yana cikin kofi kusa da nata, inda mai shi ya bar shi. Wata uku tana zagaye shi da hannu kowace safiya.

Ta ɗauko.

A hankali koren ya riƙa fita, lambobin suna bayyana da ƙaramin rubutunsa. Falo, ƙafa sha shida da sha huɗu. Kicin, goma da takwas. Ta kwafe su a takarda ɗaya bayan ɗaya. Bangon da tina ta cinye ne kawai babu, na ɗakin aikinsa. Ta bar layin haka nan.

Ta wanke ɗan gidan da ruwan sabulu, ta ajiye shi a inuwa ya bushe. Sannan ta wanke buroshin, ta yarfe shi, ta mayar da shi cikin kofin.