Gaba Biyar na Sarƙa

Tun hantsi ma'aikatan jirgin gyaran alamun ruwa suke kewaya wuri ɗaya a inda kogin Meghna ke shiga teku, amma tulu na tara ya ƙi bayyana. Tulun alama ne na ƙarfe, boya suke ce masa, girmansa ya kai ƙaramin ɗaki. Sarƙa ce ke riƙe da shi a jikin dutsen siminti da ke ƙasan kogi, shi kuma yana yawo a saman ruwa yana nuna wa jirage inda zurfi yake. Yau babu shi, sai ruwan damina mai launin shayin madara yana ta wucewa da gudu.

"Sarƙa ta tsinke, ya tafi teku yawon shan iska," in ji Nitai, mai tuƙa injin ɗaga kaya, yana tofar da jan miyaun ganyen pan da suke taunawa kamar goro. "Tofazzal bhai, ɗan'uwa, me ka tsaya kana leƙe? Surukinka ne ya faɗa?"

Tofazzal bai yi dariya ba. Shi ne sareng, shugaban masu aikin sarƙa da igiya, shekara talatin da ɗaya a wannan jirgi da kowa ke kira Tsohuwa. Tun zamanin Turawa aka ƙera ta, kuma wanda ya zana ta bai damu da kyau ba ko kaɗan: faɗi kamar faranti, ciki a shafe don ta ratsa ruwa marar zurfi, injin ɗaga kaya a goshi, tankunan ruwa a ƙasa don kada ta kife in ta ɗauki nauyi. Mummuna ce, amma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Shi ne ya ba ta.

Tofazzal ya hau ɗakin tuƙi. Masta Mokbul, shugaban jirgin, wanda suke kira Ustad, wato malam, yana duƙe a kan taswira.

"Ustad, tulun bai tafi ko'ina ba. Yana nan a ƙarƙashin ruwa."

Masta ya ɗago kai.

"Da rani, da muka ɗaga shi don fenti, na tarar tsatsa ta cinye gaba biyar na sarƙar. Sabuwa ba ta iso ba. Na cire ruɓaɓɓen wurin na haɗa sauran, na ce kafin damina zan ƙara. Ruwa ya yi ƙasa a lokacin, ta isa har da saura." Ya sunkuyar da kai. "Ban ƙara ba, Ustad. Ban kuma faɗa wa kowa ba. Yanzu ruwa ya hau, sarƙa ta gaza, ta janye shi ƙasa."

"Ƙasa da kamu nawa?"

"Huɗu, ko biyar. Mu za mu wuce ta kansa ba mu ji komai ba. Jirgin fasinja kuwa..."

Bai ƙarasa ba, don babu buƙata. Jirgin fasinjan garin Bhola yana biyowa ta nan da la'asar, jibi sallah, mutane har kan rufi, cikinsa ya nutse cikin ruwa fiye da ƙa'ida kamar kullum. Ba shi da rediyo. Hanyar kuma siririya ce tsakanin tudun yashi biyu, ko sun tare shi sun yi ihu babu inda zai kauce sai sun san daidai inda ƙarfen yake, kuma ruwa mai wannan gudu ba ya barin jirgi ya tsaya cak. Tofazzal ya taɓa ganin abin da ke biyo baya. Shekara tara da suka wuce da ƙugiyar Tsohuwa aka ɗago wani jirgin fasinja da ya kife, shi ne ya fara buɗe ƙofar ɗakin mata. Har yau ba ya ba da labarin.

Masta bai zage shi ba, da ma ya zage shi. Ya ce kawai, "A sauke ƙugiyoyi."

Suka ja ƙugiya daga wannan gefe zuwa wancan. Suka kamo ragar masunta, suka kamo kututturen ayaba. Tofazzal ya karɓi gorar awo yana cakar ruwa da kansa har tafin hannunsa ya sale. Aka kira cin shinkafa, babu wanda ya je. Azahar ta wuce, inuwar injin ɗaga kaya ta fara tsawo, har yanzu ba su sami tulun ba.

Nitai ne ya fara hango hayaƙin jirgin Bhola daga arewa. Wannan karon bai yi barkwanci ba.

Tofazzal ya sake hawa sama a guje. "Ustad, a buɗe tankuna duka. A cika ta da ruwa ta nutsa daidai da jirgin fasinja. Faɗinta ya kusa rabin hanyar. In muka bi sau biyu, cikinta zai same shi."

"Ka san kaurin ƙarfen cikinta yanzu? Da cokali za ka huda shi."

"Na sani. Ni nake kankare shi."

Masta ya dubi hayaƙin, ya dubi sitiyarin da hannunsa ya goge har ya yi sheƙi. Sannan ya sunkuya kan bututun magana ya ce da masu inji, "A buɗe duka."

Tsohuwa ta zauna cikin ruwa a hankali har igiyar ruwa ta fara lasar dandamali. Suka bi gefen gabas, babu komai. Jirgin Bhola ya fito sarai, ana iya ganin launin zannuwan mutane. Suka juya da ƙyar, ta yi nauyi ba ta jin sitiyari, suka kama gefen yamma. Tofazzal na tsaye a goshi yana salati a fili.

Ƙarar ta taso daga ƙarƙashin ƙafafunsa, doguwa, kamar ana yaga kwanon rufi. Cikin Tsohuwa ya sami tulun. Kowa ya zube. Tsohuwa ta karkata, ta tsaya, ruwa ya fara bulbulowa daga ɗakin sarƙa. Masta ya saki anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, ya ja jiniya bai saki ba, Nitai yana kaɗa jar tuta da hannu biyu yana nuna gabas.

Jirgin fasinja ya karkata ya bi ta gabas, kusa da su ƙwarai. Mutane suka yi cincirindo a gefe suna kallo. Wani mai farar hula ya haɗa hannu a baki.

"Kai! Masu nuna wa mutane hanya ne suka yi karo? Ku koma noma!"

Jirgin ya ɗauki dariya. Wata mata ta ɗaga jaririnta don ya gani, wani ya jefo ɓawon ayaba ya faɗi a gaban Tofazzal. Ruwa ya kai masa gwiwa, jirgin da ya tsufa a cikinsa yana nutsewa a ƙarƙashinsa saboda shi, hawaye na bin gemunsa, yana bin fuskokin nan da ido ɗaya bayan ɗaya.

Masta ya sauko ya tsaya kusa da shi cikin ruwan.

"Ɗaga musu hannu, Tofazzal," ya ce. "Kada su gane abin da suka tsallake."